Egzima Ta Gado: Musabbabinta, Alamominta Da Yadda Ake Shawo Kanta

Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da iskar hunturu ke kaɗowa daga hamadar Sahara ta lulluɓe birnin Bauchi da hazo, fatar kusan kowa takan bushe, leɓɓa su tsage, dugadugai su yi faso. Ga yawancin mutane, shafa mai sau ɗaya ko biyu a rana ya wadatar. Sai dai akwai yara da manya da wannan lokaci ke zame musu na rashin barci: fata ta yi gautsi, ƙaiƙayi ya hana sukuni, a yi ta susa har jini ya fito. Da yawa daga cikinsu suna ɗauke ne da cutar da likitoci ke kira egzima ta gado, wato kumburin fata mai ƙaiƙayi da ke lafawa ya sake tashi tsawon shekaru.

Cutar tana cikin cututtukan fata da suka fi yawa a duniya. Ƙididdigar masana ta nuna tana iya shafar har kashi 20 cikin 100 na yara, yayin da adadin manya masu ita ya yi ƙasa da haka. Ba a ɗaukar ta daga wani, kuma rashin tsafta ba shi ke kawo ta ba. Har yanzu babu maganin da ke kawar da ita gaba ɗaya, amma ana iya shawo kanta har mai ita ya yi rayuwarsa kamar kowa, matuƙar an gane ta daidai, an kuma guji maganin da bai dace da ita ba.

Ruɗanin suna

Matsala ta farko a Najeriya ita ce ta suna. A bakin jama'a, kalmar egzima ta zama sunan kyasbi, wato farare ko baƙaƙen tabon nan masu ɗan gari-gari da ke fitowa a ƙirji da baya da wuya. Kyasbi kuwa ƙwayar fangas ce da ke zaune a fatar kowa take yin yawa, musamman lokacin zafi da zufa, kuma ba ya cika ƙaiƙayi mai tsanani. Saboda haka idan uwa ta je kantin magani a kasuwar Wunti ko ta Muda Lawal ta ce ɗanta na da egzima, abu ne mai sauƙi a miƙa mata maganin fangas, wanda ba zai yi wa egzima ta gado komai ba.

Akwai wasu cututtuka biyu da su ma ake rikita su da ita. Makero ƙwayar fangas ce ke kawo shi, yana fitowa zagaye kamar zobe, a kai kuma yana cinye gashi, ana kuma ɗaukar sa ta hanyar aska ko hula ko mataji. Ƙazwa kuwa wata ƙaramar halitta ce da ke shiga ƙarƙashin fata, ƙaiƙayinta ya fi tsanani da dare, tana kama tsakanin yatsu da wuyan hannu da ƙugu, kuma sau da yawa mutane da dama a gida ɗaya ko makarantar kwana ɗaya suke susa tare. Kowacce daga cikin waɗannan tana da maganinta daban, kuma maganin egzima yana iya ƙara ta'azzara makero da ƙazwa.

Yadda likitoci suka san cutar

A shekarar 1923 ne wasu masana biyu a Amurka, Arthur Coca da Robert Cooke, suka ƙirƙiro kalmar atopi domin bayyana halin wasu iyalai da jikinsu ke saurin yin bore ga abubuwan da ba sa damun sauran mutane. Shekara goma bayan haka, a 1933, likitocin fata Fred Wise da Marion Sulzberger suka danganta wannan nau'in kumburin fata da wancan hali na gado. A 1952 Sulzberger da abokin aikinsa Victor Witten suka nuna cewa man haidirokotison yana kwantar da kumburin fata, abin da ya sauya yadda ake kula da cutar har zuwa yau. A 1980 kuma Jon Hanifin da Georg Rajka suka tsara jerin alamomin da likitoci suka daɗe suna dogara da su wajen gane ta.

Abin da ke haddasa ta

Saman fatar ɗan'adam tamkar katanga yake: ƙwayoyin fata su ne tubala, wani irin maiƙo da jiki ke yi kuma shi ne yaɓen da ke riƙe su. Aikin wannan katanga shi ne tsare ruwa a ciki da hana ƙura da sinadarai da ƙwayoyin cuta shiga. A jikin mai egzima ta gado katangar tana da rauni, don haka ruwa ke tsiyayewa fata ta bushe, abubuwan waje kuma su samu ƙofa.

Da zarar sun shiga, garkuwar jiki takan ɗauke su a matsayin abokan gaba, ta mayar da martani fiye da ƙima. Wannan martani shi ke kawo kumburi da ƙaiƙayi. Susa kuma tana ƙara fasa katangar, ƙarin abubuwa su shiga, ƙaiƙayin ya daɗu. Haka za a yi ta zagayawa tsakanin ƙaiƙayi da susa, kuma yanke wannan zagaye shi ne babban burin magani.

Gado yana da hannu sosai. Yaron da ɗaya daga cikin iyayensa ke da egzima, ko asma, ko yawan atishawa da toshewar hanci saboda ƙura, ya fi sauran yara yiwuwar kamuwa, kuma yiwuwar tana ƙaruwa idan iyayen biyu suna da ita. A 2006 masu bincike ƙarƙashin Irwin McLean na Jami'ar Dundee da ke Birtaniya suka gano cewa naƙasa a ƙwayar gadon da ke sarrafa wani sinadarin fata mai suna filagirin tana cikin manyan dalilan cutar. Sai dai binciken da aka yi a Habasha da Afirka ta Kudu ya nuna irin wannan naƙasa da ta yawaita a Turai ba ta cika samuwa a tsakanin 'yan Afirka ba, alhali cutar tana nan a cikinsu. Wannan ya nuna akwai wasu hanyoyi da katangar fata ke yin rauni, kuma muhalli yana da nasa rabo.

Abubuwan da ke tayar da ita

Musabbabin cutar daban yake da abin da ke tayar da ita. Raunin fata yana nan kullum, amma wasu abubuwa ne ke sa ta yi tsanani. A yanayin Bauchi da maƙwabtanta, hunturu ne kan gaba, saboda ƙarancin danshi a iska da ƙura da sanyi. Bazara ma tana da tata illa, domin a watannin Maris da Afrilu zafi kan kusanci digiri 40, zufa kuma tana ƙara ƙaiƙayi a wuya da lanƙwasar gaɓoɓi.

A cikin gida, abubuwan da suka fi tayar da ita sun haɗa da wanka da ruwa mai zafi sosai, dirza jiki da soso, sabulu mai ƙarfi ko mai yawan ƙamshi, ruwan kashe ƙwayoyin cuta da wasu ke ɗigawa a ruwan wankan jarirai, da ragowar garin sabulu a tufafin da ba a ɗauraye sosai ba. Haka nan turaren jiki, hayaƙin itace da na turaren wuta da na taba, rigunan sanyi na ulu, da yadin roba da ba ya shan zufa. Akwai kuma wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani da ke rayuwa cikin katifa da matashi da darduma, waɗanda jikin wasu masu cutar ke yi wa bore. Damuwa da rashin barci su ma suna ƙara ta.

A cikin manya, cutar takan fi kama hannuwan waɗanda aikinsu ke haɗa su da ruwa da sinadarai: masu wanki da wanke-wanke, masu gyaran gashi, ma'aikatan jinya, magina da ke taɓa siminti, da makanikai.

Alamominta a baƙar fata

Mafi yawan masu cutar tana fara musu ne tun suna jarirai. Kusan kashi 60 cikin 100 a shekarar farko ta rayuwa take bayyana, kimanin kashi 90 kuma kafin su cika shekara biyar. Babbar alamarta ita ce ƙaiƙayi tare da bushewar fata.

A jarirai takan fito a kumatu da goshi da fatar kai da bayan hannuwa da ƙafafu, wani lokaci tana tsatsafo da ruwa, amma galibi ba ta taɓa wurin da kunzugu ke rufewa. Jaririn da bai iya susa ba tukuna yakan riƙa goga fuskarsa a jikin uwarsa ko a shimfiɗa. A yaran da suka tasa, takan koma lanƙwasar gwiwar hannu da bayan gwiwa da wuya da wuyan hannu da idon sawu. A manya kuma hannuwa da fuska da fatar ido da wuya suka fi shan wahala.

Littattafan likitanci da dama sun siffanta cutar da jan fata, domin a jikin Turawa aka fara nazarin ta. A baƙar fata ja ba ya fitowa sosai. Wurin yakan yi duhu fiye da sauran jiki, ko ya yi toka-toka, ko ya ɗan yi shuɗi-shuɗi. Sau da yawa ana ganin ƙananan ƙuraje a gindin gashi kamar tsikar jiki ta tashi, fata kuma ta yi kauri da kaushi saboda yawan susa. Rashin ganin ja yakan sa a raina tsananin cutar. Bayan ta lafa, takan bar tabo mai duhu ko mai haske wanda kan ɗauki watanni kafin ya baje. Wannan tabo kumburin ne ya bar shi, kuma shafa masa man bilicin yana ƙara lalata fatar.

Babu gwajin jini da ke tabbatar da cutar. Likita yana gane ta ne ta duba fata da jin tarihin mai ita da na danginsa. Wani lokaci yakan kankari ɗan ɓawon fata a duba a ɗakin gwaji domin a tabbatar ba fangas ko ƙazwa ba ce.

Tushen magani: mai da wanka

Tunda raunin katangar fata ne asalin matsalar, maganin farko shi ne mai. Ana shafa shi a duk jiki aƙalla sau biyu a rana, har a lokacin da fatar ta yi lafiya, domin shi ke rage yawan tashin cutar. Mai mai kauri wanda ba shi da turare ko launi ya fi dacewa. Man basilin fari da man kaɗanya tsantsa suna da sauƙin samu a kasuwannin Arewa, kuma sun fi mayuka masu ruwa-ruwa riƙe danshi lokacin hunturu. Ƙa'idojin likitoci a Birtaniya sun ƙiyasta cewa yaron da cutar ta kama jikinsa sosai yana buƙatar giram 250 zuwa 500 na mai a kowane mako, adadin da ya fi abin da yawancin iyaye ke zato. Ba kowane man girki ne ya dace da fata ba: bincike ya nuna man zaitun yana iya ƙara raunana fatar mai egzima.

Wanka sau ɗaya a rana ya isa, da ruwa mai ɗumi-ɗumi, na minti biyar zuwa goma, ba tare da soso ba, da sabulu mai laushi kaɗan. Bayan wanka ana tsane jiki da tawul a hankali ba tare da gogewa ba, a shafa mai cikin 'yan mintoci tun fatar na da danshi. Babban da cutar ke kama hannunsa ko fuskarsa zai amfana idan ya riƙa shafa mai bayan kowace alwala da kowane wanki. Ana so a yanke wa yaro farce, a sa masa tufafin auduga, idan kuma zai sa rigar sanyi a fara sa masa ta auduga a ciki.

Akwai hatsari guda da ya kamata a sani. Mai yakan jiƙa tufafi da zanen gado, ya sa su saurin kama wuta, kuma wanki ba ya fitar da shi duka. Lokacin sanyi, da ake jin ɗumi a gaban garwashi ko murhu, wajibi ne a nisanta yaron da ake yi wa shafe-shafe daga wuta.

Mayukan sitiroyid: amfani da hatsari

Idan cutar ta tashi, mai kaɗai ba ya kwantar da kumburin. A nan ne ake buƙatar mayukan sitiroyid, waɗanda ƙarfinsu ya bambanta. Haidirokotison shi ne mai sauƙi, wanda ake bai wa jarirai da shafawa a fuska. Betametason yana da ƙarfi, kulobetasol kuma yana cikin mafiya ƙarfi duka. Likita ne ke zaɓar wanda ya dace da shekarun mai cutar da sashen jikin da ta kama. Galibi ana shafawa sau ɗaya ko biyu a rana a kan wurin da ya kumbura kaɗai, na mako ɗaya zuwa biyu, sannan a dakata a ci gaba da mai.

Akwai ma'auni mai sauƙi: maganin da aka matso daga kan yatsar manuniya ta babba zuwa gaɓar farko ya kai kimanin rabin giram, kuma ya isa ya rufe fili daidai da tafin hannun babba biyu. Idan aka bi wannan tsari, maganin yana da aminci. Tsoron sa da ke sa wasu iyaye su bar yaro cikin ƙaiƙayi shi ma illa ne.

Hatsarin da ya fi yawa a Najeriya shi ne na mayuka masu haɗi uku, waɗanda suka ƙunshi sitiroyid mai ƙarfi da maganin fangas da na bakteriya a bututu ɗaya, kuma ana sayen su ba tare da takardar likita ba. Saboda suna kwantar da ƙaiƙayi nan take, wasu iyaye kan mayar da su man yau da kullum, har ma a cuɗa su da man shafawar jariri. Tsawon amfani da su yana sa fata ta yi siriri, nankarwa ta fito, launi ya dusashe, ƙuraje su yawaita, makero kuma ya bazu yana ɓoye kamanninsa. A jikin jariri maganin yana ratsa fata ya shiga jini, ya kumbura fuska, ya rage girma, ya kuma danne glandar da ke samar da sinadarin kotisol. Wanda ya daɗe yana amfani da irin waɗannan mayuka bai kamata ya daina farat ɗaya ba, sai da jagorancin likita. Lambar rajistar Hukumar Kula da Ingancin Abinci da Magunguna ta Ƙasa, NAFDAC, tana nuna an yi wa magani rajista ne kawai, ba ta nufin ya dace da kowane ƙurji ko kowane yaro.

Sauran magunguna

Ga fuska da fatar ido, inda sitiroyid ke saurin yin illa, akwai mayukan takrolimus da pimekrolimus, waɗanda aka amince da su a Amurka a 2000 da 2001. Ba sa sirantar da fata, amma sukan yi ɗan raɗaɗi a kwanakin farko. Magungunan borin jini masu sa barci ba sa warkar da egzima, iyakarsu su taimaka a samu barci na 'yan kwanaki, kuma ba a bai wa jariri ba tare da umarnin likita ba.

Idan cutar ta gagari shafe-shafe, ƙwararren likitan fata yana iya amfani da hasken wata fitila ta musamman, ko magungunan da ke rage ƙarfin garkuwar jiki irin su saikulosporin da metotireksat, waɗanda ke buƙatar gwajin jini a kai a kai. A 2017 aka amince da allurar dupilumab, wadda ke toshe wasu saƙonnin garkuwar jiki da ke haddasa kumburin, sai dai tsadarta ta sa ta fi ƙarfin yawancin marasa lafiya. Shan ƙwayoyin sitiroyid ko yin allurarsu a kantin magani yana kawo sauƙi na ɗan lokaci, cutar kuma ta dawo da ƙarfi fiye da da.

Batun abinci

Wasu yara masu cutar, musamman waɗanda ta yi wa tsanani tun suna jarirai, jikinsu yana yin bore ga ƙwai ko madarar shanu ko gyaɗa. Amma abinci ba shi ne dalilin cutar a yawancin yara ba. Hana yaro ƙwai da nono da kifi da ƙuli-ƙuli bisa zato yana iya jefa shi cikin tamowa ba tare da fatar ta gyaru ba. Abin lura shi ne kumburin leɓe ko fuska, amai, borin jini ko wahalar numfashi jim kaɗan bayan cin wani abu, wanda ke buƙatar ganin likita nan da nan. Shayar da nonon uwa zalla na wata shida da alluran rigakafin yara duk suna ci gaba kamar yadda aka saba.

Lokacin garzayawa asibiti

Fatar da ta fashe tana saurin kamuwa da bakteriyar sitafilokokus, wadda ake samu a fatar mafi yawan masu cutar. Alamomin haka su ne mugunya, ɓawo mai launin zuma, zafi da kumburi, ko zazzaɓi, kuma ana buƙatar maganin kashe bakteriya. Mafi hatsari shi ne shigar ƙwayar bairos mai kawo ƙurajen bakin leɓe. Takan fito da ƙananan ƙuraje masu ruwa iri ɗaya, masu zafi, da ke fashewa su bar ramuka, su bazu cikin sauri tare da zazzaɓi. Wannan yana buƙatar magani a ranar, musamman idan ya kusanci ido.

Haka nan ya kamata a ga likita idan ƙaiƙayi yana hana barci, ko an yi mako biyu ana magani babu sauƙi, ko cutar ta rufe kusan duk jiki, ko yaro ya daina ƙara nauyi. A Bauchi ana iya farawa daga cibiyar lafiya a matakin farko mafi kusa, daga nan a tura mai tsanani zuwa Asibitin Ƙwararru na jihar ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa. Yana da amfani a tafi da duk mayukan da aka taɓa shafawa, domin likita ya san abin da fatar ta sha.

Makomar mai cutar

Yara da yawa cutar tana yi musu sauƙi ko ta ɓace yayin da suke girma, ko da yake fatar takan ci gaba da saurin bushewa, wasu kuma asma ko yawan atishawa ke biyo baya. Nauyinta ya wuce fata: yaron da bai yi barci ba ba ya fahimtar karatu, uwar da ta kwana tana hana shi susa ita ma ta gaji, ga tsangwamar abokan wasa da ke zaton za su ɗauka. Malamai a makarantun boko da na Islamiyya suna da rawar takawa wajen bayyana cewa ba a ɗaukar ta, kuma babu dalilin ware yaron.

Ranar 14 ga Satumban kowace shekara ce aka ware domin wayar da kai kan cutar a duniya, kuma a watan Mayun 2025 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya amince da ƙudurin da ya sanya cututtukan fata cikin manyan al'amuran lafiyar jama'a. Ga iyalai a Bauchi, tsakiyar Satumba tana zuwa ne kimanin wata biyu kafin hunturu, lokacin da ya dace a tanadi mai, a sauya sabulu, a kuma kai yaron da ya sha wahala bara wurin likita tun iska ba ta juya ba.